Inda Baba Kunne Yake Zuwa

Shekara talatin da ɗoriya Baba Kunne ya yi a hukumar ruwa, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa haƙa rami ko ɗaura bututu ba. Aikinsa sauraro ne. An ba shi wata doguwar sanda ta ƙarfe mai ɗan kofin katako a kanta. Sai ya kafa tsininta a ƙasa, ko a kan irin murfin ƙarfen nan da ake gani a gefen titi, ya ɗora kunne a kan katakon, ya lumshe ido. In bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ya fashe, zai ji ruwan yana tsiyaya, sai ya zana da'ira da alli a wurin ya yi gaba. Masu diga da shebur ne za su zo daga baya su sha rana. Su ne ma suka laƙaba masa Kunne don haushi, wai su sun kawo ƙarfinsu wurin aiki, shi kuma kunne kawai ya kawo. Sunan ya bi shi har gida.

Marigayiya matarsa takan ce ita ba ta taɓa ganin irinsa ba: mutum yana jin kukan ruwa a ƙarƙashin kwalta, amma a ce masa gishiri ya ƙare a gida sai ya zama kurma. Shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne marar surutu, mai tafiya da kai a ɗan karkace, kamar kullum wani yana yi masa raɗa ta ƙasa.

'Ya'yansa biyu suka rayu. Babban, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, yana aiki a wani kamfani a gari mai nisa. Sai Auta, tela, wadda mijinta direban babbar mota ne da ba ya kwana uku a jere a gida, don haka take zaune tare da mahaifinta, keken ɗinkinta a ɗakin bakin ƙofa. Tana yarinya, Baba yakan ɗaga ta ya manna mata kunne a kan sandar, ya ce, "Kin ji?" Ba ta taɓa jin komai ba sai bugun jininta. Amma kullum takan ce ta ji, don ta ga yadda fuskarsa ke washewa.

Da ya yi ritaya ba wanda ya tambaye shi sandar. An kawo na'ura mai abin sawa a kunne, wa zai damu da wani tsohon ƙarfe? Ya jingine ta a bayan ƙofa, ta daɗe a wurin tana shan ƙura. Bayan rasuwar matarsa ne, wata safiya, ya gama shan shayi, ya goge sandar da gefen rigarsa, ya fita. Auta ta ce a ranta gara haka, ƙafa ta motsa. Washegari ma ya fita, jibi ma haka, har abin ya zama ba labari.

Mutanen unguwa kuwa, Allah ya shirye su, ba su da sana'ar da ta wuce kawo rahoto. Mai kanti ya ce ya gan shi yana ratsa gidan mai ta tsakiyar motoci. Mai aski ya ce ya gan shi a bayan katangar makaranta, ya yi tsaye ƙiƙam, ido rufe, yara na leƙensa. Wata mai kawo wa Auta ɗinki ta ce ita sau biyu ta gamu da shi a lungu ɗaya, da farko ya nufi gabas, daga baya ya nufi yamma, kuma bai amsa gaisuwarta ba. Auta takan yi dariyar yaƙe ta ce tsufa ne. Amma ran da mai wankin mota ya rako shi gida da la'asar sakaliya, ba hula, silifas ɗaya a tsinke, laka har gwiwa, dariyar ta ƙare. Ta tambaye shi ina ya je. Ya dube ta kamar ta yi tambayar wauta, ya ce, "Aiki."

Ta kira Yaya a waya. Ya zo a ƙarshen mako, suka kai shi asibiti.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ta yi wa Baba tambayoyi. Wasu ya amsa su tsaf, har da gyara mata lafazin sunan wata tsohuwar unguwa. Wasu kuma, kamar abin da ya ci da safe, sai ya yi shiru ya dubi Auta. Daga nan likita ta juya ga Yaya suka koma Turanci. Auta tana tsintar Turanci, amma ba irin wanda ake yi da gudu ba. Kalma ɗaya dai ta kama, don ta yi ta dawowa a bakin likitar: wander.

Ta taɓa hannun Yaya. "Me ake nufi da shi?"

"Gantali," in ji shi, ko kallonta bai yi ba.

Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. Gantali fa! Kalmar da ake jifan zauna-gari-banza da ita, ita za a ɗora wa mutumin da bai taɓa makara wurin aiki ba? Ta buɗe baki za ta yi magana, likita ta riga ta.

"A'a, ba zagi ba ne," in ji likita da Hausa. "Kalmar tana nufin mutum ya yi ta tafiya ba tare da ya nufi wani wuri ba. Mai lafiya ma ana faɗa masa, in ya fita shan iska yana bin inda ƙafa ta kai shi. Amma mu a nan muna faɗinta ne ga tsofaffin da mantuwa ta fara kamawa. Su fita, su yi ta tafiya, su kasa gane hanyar gida. Abin tsoron shi ne mota, da rami, da rana."

"To shi wanne ne a ciki?" in ji Auta.

"Ku da kuke tare da shi za ku fi ni sani. Ni dai shawarata, kada ya riƙa fita shi kaɗai."

A hanyar komawa Yaya ya tsaya a wani shago ya sayi kwaɗon rufe ƙofa, babba, mai nauyi, ya jefa mata a cinya. Baba yana kujerar gaban mota yana kallon gefen titi, bai ma juyo ba. Da suka isa gida Yaya ya ja ta gefe. Shi ba mugu ba ne, tsoro ne ke sa shi magana kamar mai ba da oda.

"Zaɓi biyu ne," ya ce. "Ko ki riƙa rufe ƙofar nan, ko in dawo in tafi da shi wurina."

Auta ta san wurinsa. Can saman bene ne, ɗakuna ƙanana, taga mai raga, ba tsakar gida, ba ƙasar da mutum zai kafa sanda. Baba ba zai yi wata biyu a can ba sai ya bushe. Amma ta rufe mahaifinta a gidan da shi ya gina, kamar akuya mai shiga gonar mutane? Ta rasa wanda ya fi muni. Ta jefa kwaɗon a jakarta ta ce za ta yi tunani.

Yaya ya tafi, tunanin ya ƙi ƙarewa. Ta ɗinka hannun rigar wata mata a baibai, ta farke, ta sake ɗinka shi a baibai. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne bayanin likita. An ce mai wannan abu bai nufi ko'ina ba. To amma ita ke ganin fitar Baba kullum. Ba ya fita kamar mai shan iska, ba ya fita kamar wanda ya ruɗe. Fita yake kamar wanda aka ce ana jiransa. In kuwa ya san inda za shi, kalmar ba tasa ba ce, kwaɗon ma ba nasa ba ne. Ta yanke shawarar ta bi shi ta gani da idonta.

Da safe ya sha shayinsa, ya goge sandar, ya fita. Ta bar shi ya yi ɗan nisa, ta ja ƙofa, ta rataya jaka, ta bi bayansa.

Tun daga kwanar farko ta fara nadamar takalmin da ta sa. Baba ba ya bin titi yadda mutane ke bi. Ya ratsa shi a karkace, ya shiga wani lungu, ya ɓullo ta bayan gidan burodi, ya tsaya ya kafa sanda, ya saurara. Ya zagaya turken wutar lantarki, ya dawo baya kaɗan, ya sake tsayawa. Ya bi gefen kwata, ya tsallaka, ya kutsa tsakanin wasu shaguna biyu inda ko kare sai ya yi shawara kafin ya shiga. Auta tana biye, zufa na keto mata. In ba wannan ne abin da likita ta faɗa ba, to mene ne? Unguwar da aka haife ta a ciki ce, amma sau biyu ta ɗaga kai ta rasa ta ina gida yake.

A bayan wani kantin magani ne ta lura. Inda ya ɗaga sandarsa ya wuce, da ta iso sai ta ga murfin ƙarfe, rabinsa ƙasa ta binne. A tsayawa ta gaba, wani guntun bututu ne ya leƙo daga gindin katanga. Ta gaba kuma wani murfin. Gabanta ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Ashe ba titi yake bi ba. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa yake bi, shi kuwa bututu ina ruwansa da kwana ko katanga, an shimfiɗa shi tun kafin a gina rabin gidajen nan. Duk karkacewar nan da komawa baya, hanya ce miƙaƙƙiya a kan Baba.

Ta ciro waya tana tafiya tana haki. "Yaya, ba abin da kuka faɗa ba ne. Ya san inda yake zuwa. Layin ruwa yake bi, aikinsa yake yi."

"Wa ya sa shi?" in ji Yaya.

"Ba wanda ya sa shi. Amma ya san hanya, na gani da idona."

"Ina cikin taro. Za mu yi magana."

Ta kashe wayar tana jin kamar ta cire kwaɗon ta wurga a kwata. Da ma ta wurga ɗin, da ta huta da nauyinsa a kafaɗa.

Baba ya shiga wani garejin gyaran motoci kai tsaye kamar gidansa. Kanikawan ko ɗaga kai ba su yi ba. Wanda ke kwance a ƙarƙashin mota ya janye ƙafafunsa ya ba shi hanya, da ganin haka ka san sun saba. Ya kafa sanda a tsakiyar garejin, ya saurara, ya fice ta ƙofar baya. Auta za ta wuce sai mai garejin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tare ta da gaisuwa.

"Ke ce 'yarsa? Kamar ta yi yawa. Kullum nan yake bi, mun bar shi, ba ya takura kowa."

"Layin ruwa yake dubawa," in ji Auta, har da ɗan alfahari.

Dattijon ya goge hannu da tsumma. "Haka ne, 'yata. Sai dai layin nan an kashe shi tun lokacin da aka yi sabon titi. Ba ɗigon ruwa a ciki. Mu kanmu rijiya muka haƙa a baya."

"Ba ruwa?"

"Ya yi shekaru."

Kan Auta ya sake ɗaurewa, wannan karon ƙulli biyu. Mutum ya san hanyarsa sarai, amma abin da yake bi ya mutu da daɗewa: wannan ya nufi wani wuri ne ko bai nufa ba? Me yake saurare kullum a busasshen bututu? Ta so ta tsaya ta yi tunani, amma ta hango bayan rigarsa yana ɓacewa a kwana, ta ɗaga ƙafa.

Lungun ya ƙare a bakin sabon titi, mai faɗi, motoci na wucewa kamar an koro su. Bututu ai ba ya jiran mota, miƙewa ya yi ta ƙarƙashi. Baba ma haka. Kansa a karkace, idonsa a ƙasa, ya sa ƙafa a kan kwalta bai dubi dama ba bai dubi hagu ba.

Auta ta yi ihu, amma ƙarar birki ta danne muryarta. Wata bas ta ja taya ta tsaya, tsakaninta da shi bai kai tsawon sandarsa ba. Direban ya leƙo yana zagi, fasinjoji na salati. Baba ya ɗaga masa hannu a hankali, irin na ma'aikacin da ke cewa a yi haƙuri ana aiki, ya ci gaba. Auta ba ta san yadda ita ta tsallaka ba. Ta dai tsinci kanta a ɗaya gefen, takalmi ɗaya a hannu.

A can gefen, doguwar katangar wani sabon gini ce, fara fes, ba ƙofa ba lungu. Baba ya kafa sanda a gindinta ya saurara. Ya matsa dama ya saurara. Ya dawo hagu. Sannan ya miƙe ya juya, ya sake juyawa, yana duban motoci da gine-gine. Auta ta ga fuskarsa ta canza. Duk tabbacin nan na safe ya zube, saura wani tsoho da sanda a bakin titi, leɓensa na motsi. Tausayi da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Ta matsa kusa. "Baba."

Ya dube ta da ladabi, irin duban da yake yi wa matan mutane. "Baiwar Allah, don Allah ina babban tankin ruwan da ke nan? Layin nan can yake ƙarewa."

Tankin da aka rushe tun tana makaranta. Ta san in ta ce masa ita ce Auta, zai ƙara ruɗewa, ko ya ji kunya, kuma ba ta san wanne za ta iya jurewa ba.

"Ba na jin komai," ya ce a hankali. "Tun safe ba na jin komai. Ko layin ne ya mutu, ko kunnena. Ke yarinya ce, saurara mini."

Ya miƙa mata sandar. Ta ɗora kunne a kan katakon da ya yi sulɓi don tsufa. Rugugin motoci ta ji, da bugun zuciyarta, kamar dai da.

"Na ji," ta ce. "Amma ba nan ba ne. Ta wajen gidanmu yake. Da ma nema nake a zo a duba mana, famfonmu yana yoyo."

Nan take kafaɗunsa suka miƙe. "To ai da kin faɗa tun ɗazu. Wuce mu je."

Ta bi da shi ta gadar masu tafiya a ƙasa, ta bi da shi titi sosai irin na mutane, yana biye da ita yana yi mata faɗan mutanen da ke barin yoyo ya daɗe har ya ci gindin katanga. Ita dai "to" kawai take cewa. Hawaye na zubo mata, tana sharewa da gefen gyale kamar zufa ce.

Da suka iso ƙofar gida ya tsaya. Ƙofar da shi ya sa aka ƙera, ya shafa mata fenti da hannunsa. Ya gyara riga ya yi sallama, ya jira.

"Maigidan yana nan?" ya tambaya. "Ba na shiga gidan mutum ba da izininsa ba."

Auta ta buɗe masa ƙofar. "Ya ce in ka zo ka shiga."

Ya shiga. Ya wuce tsakar gida kai tsaye wurin famfo, ba tare da an nuna masa ba, ya durƙusa a hankali ya kafa sanda, ya lumshe ido. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a cikin jaka. Har yanzu ba ta san amsar tambayar da ta yi wa likita ba. Da safe ta rantse kalmar ba tasa ba ce, da rana ta ga tasa ce, kuma duka biyun da idonta ta gani. Abu ɗaya ne ba ta shakka a kansa: tsakanin bas ɗin nan da mahaifinta bai kai tsawon sanda ba. Ta tura ƙofar, ta zura sakata, ta maƙala kwaɗon. Ta danna shi a hankali iya yinta, da tafin hannu biyu, don kada ya yi ƙara.

Ta manta wa take ɓoye wa ƙara.

Baba ya ɗaga kai daga sandar. Ya juyo ya dubi ƙofar, ya dubi hannunta, ya dubi fuskarta. Idonsa ya dawo garau, irin na mahaifinta sak.

"Auta," ya ce. "Ni kika rufe?"

Da bai gane ta ba da ya fi mata sauƙi. Makullin na cikin tafinta, ya yi zafi don damƙa. Ta so ta ce iska ce, ta so ta ce ɓarayi sun yi yawa, amma ƙarya uku ta riga ta yi masa yau, ta huɗu ta ƙi fitowa.

"Kai na rufe, Baba," ta ce. "Mota ta kusa kaɗe ka. In ban rufe ba Yaya zai tafi da kai. Gobe zan buɗe, amma tare za mu fita."

Ya daɗe yana kallonta. Ta jira faɗa, ko ya ce ta ba shi makullin, kuma da ya ce ɗin ba ta san abin da za ta yi ba. Sai ya sauke ido kan ƙafafunta, ɗaya da takalmi mai tudu, ɗaya duk ƙura.

"Ba da wannan takalmin ba," ya ce. "Layin gobe da nisa."

Ya mayar da kunnensa kan sandar. Auta ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da ƙofar, ta cire ɗaya takalmin ma.